Jirgin Farko

Wata tara teku na kulle,
ƙanƙara ta yi wa ƙauyenmu ganuwa
a gefen gabas na Girinlan.
Sanyin da ke tsaga dutse
bai sa kowa atishawa ba.
Kakata Nukaaka takan ce,
"Sanyi ba ya haihuwar mura.
Mura baƙuwa ce, jirgi take hawa."

Ran da ƙanƙara ta dare
karnuka suka riga mu sani.
Muka gangara gaɓa da gudu,
har gurgu Mikkel da sandarsa.
Aka sauke sukari da gahawa,
kananzir, albasa mai tsiro,
wasiƙun da suka tsufa a buhu,
sannan yayana Piitaq,
shekara biyu rabonmu da shi,
idonsa ja, hankici a dunƙule a hannu.

Kaka ta kama kunnuwansa biyu,
ta manna hancinta a kumatunsa,
ta shaƙe shi kamar yadda muke gaisuwa,
ta shaƙa, ta sake shaƙa.
Wa zai hana ta?

Kwana uku, coci ta cika da tari,
ba a jin wa'azi.
Makaranta ta rufe.
Kifi ya bushe a kan igiya ba mai saukewa,
karnuka na kukan yunwa,
masu su na kwance, ƙashi na ciwo.

Nas Ivalu, ita ma muryarta a dishe,
ta ce abin ya fi ƙura ƙanƙanta,
ba shi da rai sosai, bai kuma mutu ba.
Ba shi da tukunyar kansa,
a murhun jikinka yake girki,
ya hayayyafa, ya fita da atishawa,
baɗi ya dawo da sabuwar riga
don kada jini ya gane shi.

Kaka ta yi kwana goma sha ɗaya
ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Piitaq bai bar bakin gadonta ba,
yana cewa, "Ni na kawo."
Da ta farfaɗo ta nemi romo,
ta dube shi ta ce, "Kai ka kawo.
Matso in ƙara."

Yanzu teku ta sake kullewa.
Hancin kowa ya bushe, gari lafiya lau,
shiru ya yi yawa.
Kowace safiya ina ganin Kaka a taga
tana goge raɓar gilashi da hannun riga,
tana duban inda jirgi ke ɓullowa.