Bangon da Ya Karkace

Matakala ɗari da sha huɗu ce
daga titi zuwa ƙofarmu a Valparaíso.
Mai kawo kaya ya ɗaga kai ya dubi tudun,
ya jingine kwalin a ƙasa, ya ce sai an jima.
Ni da ɗana Lautaro muka kinkime shi,
dogo kamar makara,
maƙwabta na leƙowa ta taga suna tambayar wa ya rasu.

Babana Evaristo, mai shekara arba'in yana walda a tashar jiragen ruwa,
ya karɓi takardar bayani, ya juya ta gaba da baya,
ya ɗora kofin shayinsa a kai.
"Wanda ya ɗinke cikin jirgi," in ji shi,
"ba takarda ce za ta koya masa kusurwa huɗu ba."

Sandunan alminiyam shida muka jera a kan bargo,
kowace sanye da baƙin karammiski
mai shanye haske kamar rairayi ya ga ruwa.
Muka haɗa, muka ɗaure, muka kwance,
domin ta hagu ce ta tafi dama.
Baba bai ce uffan ba.
Ya ɗaga kofin a hankali, ya zaro takardar,
ga zoben shayi a tsakiyarta.

Sai farin ƙyallen.
A wanke hannu, in ji takarda. Muka wanke har sau biyu.
Ƙananan sifirin sittin da takwas,
a fara daga tsakiya, a ja, a maƙale,
a zagaya can gefe a ja takwaransa,
yadda ake ɗaure fatar ganga.
Guda ya kufce ya shige ƙarƙashin firiji, har yau yana can.
Kowane ja, sai wata tamoji ta ɓace.
Baba ya shafa goshinsa, ya ce, "Da ma."

A bango ne rigima ta tashi.
Ƙwayar iskar da ke cikin ma'auni ta zauna daram a tsakiya,
amma ido ya rantse allon ya karkace,
don gidan nan ya sha girgizar ƙasa tun ban zo duniya ba,
rufinsa ya sunkuya wajen teku
kamar tsoho mai son jin abin da ake raɗawa.
Lautaro ya ce a bi ma'auni.
Na ce a bi rufi.
Baba ya daɗe yana kallon gurbin ƙusoshin dā.
"Herminia ta rataye hotuna shekara talatin a ɗakin nan,
rabi take ba ma'auni, rabi ta ba gida.
Ku sauke dama da faɗin yatsa ɗaya."

Injin huda ya yi kuka, bango ya tofar da jar ƙasa
a gashina, a shayin da ya huce.
Muka ɗaga, ni a kan tsani, yaro a kan kujera,
hannuwa na rawa, numfashi a riƙe,
har muka ji ƙas! Ya zauna.

Da dare muka gane waya ta gaza da taƙi ɗaya.
Kantuna sun rufe, ga matakala ɗari da sha huɗu.
Muka kunna majigin haka nan, babu hoto, babu sauti,
farin haske kawai, faɗin bango.

Baba ya tashi ya sa hannu a cikin hasken.
Ga kare yana haushi ba murya.
Ga zomo.
Ga ƙugiyar tashar jirgi tana ɗaga kaya sannu sannu.
Sai ya haɗa manyan yatsunsa ya yi tsuntsun teku,
rawar nan ta hannunsa, wadda yake ɓoye mana a aljihu,
ita ta riƙa kaɗa masa fiffike.

Lautaro ya ajiye wayarsa a ƙasa.
"Kaka," ya ce, "sake."