Sikelin Hermelinda

A kantina, nan bakin kogin Kaguwan, babu akwatin kuɗi.
Sikeli ne ɗan mitsitsi, mai batir,
nakan goge shi da haɓar riga kafin gari ya waye.
Shinkafa kilo guda, giram biyu na ƙullun koka.
Takalmin roba, goma sha huɗu.
Maganin zazzaɓin yaro kuwa,
in uwar ta shigo ido jawur,
sai in kau da kai daga lambar.

Nemesio kan kawo nasa a ƙulle cikin leda.
Zagar ganye ta farfasa masa yatsu,
warin fetur na bin sa har cikin coci.
Ya ce ɗansa ya gani a waya
abin da giram ɗaya ke kaiwa a Madrid.
Muka buga lissafi a bayan kwalin sabulu,
muka sake bugawa,
mun ɗauka sifili ne ya yi mana yawa.
Ya yi dariya har da tari,
sannan ya nemi gishiri bashi.
Kura da shan bugu, in ji shi.
Bai ƙarasa ba. Bango ma yana da kunne a nan.

Masu bindiga suna yankar kasonsu
tun kaya bai bar tudu ba.
Shekarar da jirgi ya yi feshi,
ayabata ce ta fara mutuwa.
Kokar ta sake toho.

Yeferson, ɗan ƙanwata,
ya ce sahu ɗaya kawai zai yi a kwalekwale,
ya rufa wa uwarsa ɗaki da kwano.
Hularsa masunta suka kawo.
Har yau sunansa na littafin bashi:
sigari, batir biyu, lemo.
Na kasa jan layi a kai.

Wata bakwai ke nan mai saye bai leƙo ba.
An ce kaya ya yi yawa,
an ce sun koma wani kogin.
Gwangwanin madara tara na binne a bayan kicin,
cike taf, dukiya guda,
ba ta dafuwa, kaza ma ba ta tsattsaga.
Mai kawo mini kaya kuma peso yake so,
na takarda, mai hoton mutum.

Jiya Ubaldina ta shigo da ƙwai shida,
ta ce a ba ta sukari.
Na ɗauki ɗaya, da ɗuminsa,
na ɗora a kan sikelin.
Hannu ne ya saba.