Minti Biyu na Duhu

A El Alto, inda iska ba ta cika huhu,
ni ne mai riƙe sandar tsintsiya
da aka ɗaure wa makirfo da robar taya,
aka sa masa safar Wara don kada iska ta yi masa ihu.

Kyamarar ta kawunta ce, Don Hilarión mai ɗaukar biki.
Aro ne, Litinin zuwa Juma'a.
Asabar akwai aure a Senkata,
kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Batir ɗaya gare mu.
Sanyi na tsotse shi tun rana ba ta ɗaga ba.
Wara kan cusa shi a hammata,
ta kwanta masa
kamar kaza mai ƙwai ɗaya.

Doña Tiburcia mai dankali ta ara mana baro,
a dawo da shi kafin kasuwar Alhamis.
Wara na ciki, kyamara a cinya,
ƙanenta na turawa,
tayar na ƙiƙi-ƙiƙi, ni kuwa ina ji a kunne
kamar ana yanka ɓera.
Muka shafa mata man girki. Ta yi shiru. Muka ci abinci gaya.

Tauraronmu Tata Saturnino ne,
mai gyaran zif a bakin tasha.
Shekara goma sha tara ya yi a ramin kuza.
Ladansa kwanon miyar gyaɗa kullum,
da alkawarin za a rubuta sunansa daidai.

Wara ta rubuta masa kuka a shafi na tara.
Ƙanensa ya shiga rami, rami bai mayar ba,
sai ya dubi dutsen Illimani, hawaye su zubo.
Sau shida muka ɗauka.
Sau shida ya dubi dutsen
kamar mai jiran mota.
Aka kawo albasa, ya karɓa ya sa a aljihu.

Juma'a da yamma, hasken ya yi kalar zuma,
irin wanda masu kuɗi ke saye da janareto.
Wara ta ce, yanzu.
Jan ɗigon kyamara ya ƙifta sau uku
ya mutu.

Ba ta yi zagi ba.
Ta zauna a gefen baro, ta rufe fuska da hula.
Tsoho ya ga an sauke masa idon gilashi,
ya zauna shi ma, ya fito da albasar yana juyawa.

Ya ce, ba kuka na yi ba ranar.
Takalminsa na je karɓa, sabo ne, ni na saya.
Suka ce yana ƙafarsa.
Na yi faɗa a kan takalmi har dare.

Hannuna ya sage a sama.
Ban sauke sandar ba. Ban ko haɗiye yawu ba.
Na'urata tana juyawa a aljihu,
ba wanda ya tuna da ita sai ni.

Bayan wata takwas, a garejin wani makanike,
muka rataya zanen gado, muka jera bokitai a kife.
Mutum talatin da ɗaya, har da kare.
Da aka zo shafi na tara, zanen ya yi baƙi.
Wani ya yi fito: inji ya lalace!
Sai muryar ta fito daga duhu,
da kukan mota can nesa,
da ƙaramin sautin ɓawon albasa.

Minti biyu.
Ba wanda ya yi tari.

Da aka kunna fitila, Tata Saturnino ya matso kusa da zanen,
ya bi sunansa da yatsa, harafi-harafi,
ya juyo ya ce da Wara,
zif ɗin rigarki ya ɓaci, kawo gobe.