Amon Turmi a Malaka

Hannun Bibik Geok Lian ya daina ɗaukar taɓarya.
Shekara biyu ke nan turmin dutsenta na lungu,
gizo-gizo ya yi masa marfi.
Shi ya sa daren nan muka fito da ita,
ni a dama, ƙanwata Siew Kim a hagu,
muka bi siririn titin da ke gangarawa bakin kogi,
inda gidaje ke da ƙaramar ƙofa, ciki kuwa ba iyaka.

Ta sa kebaya mai ruwan ganye,
maɓallan zinari uku a ƙirji,
da takalmin da ta jera wa duwatsu tun tana da ido.
"Girkin haya," in ji ta, tun ba ta zauna ba.
"Mai dafawa don kuɗi agogo yake kallo, ba tukunya ba."

Aka kawo pai ti, 'yan ƙoƙuna masu ƙaras-ƙaras,
jatan lande ɗaya ɗare a kan kowanne.
Ta ɓantari gefe, ta ce ya sha mai.
Aka kawo kifi a romon tsamiya da barkono,
ja wur, kuɓewa na iyo a gefensa.
Mu muna share gumi muna ƙari,
ita ta kurɓa ta ce ba laifi,
irin ba laifin da laifi ke kwance a ƙarƙashinsa.

Sai kaza da keluwak.
'Ya'yan itacen nan da ke da dafi a ɗanyensu,
sai sun kwana arba'in a binne cikin toka
kafin su yarda a ci su.
Ta sa ɗan cokali a bakin ɓawon,
ta ƙwaƙulo baƙin cikinsa,
ta ɗora a kan shinkafa, ta kai baki.
Ɗaci-ɗaci, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.
Ba ta ce komai ba.
Ni da Siew Kim muka dubi juna,
don shirun Bibik ya fi yabon wani tsada.

Daga can bayan labule wani amo ya taso:
dum, dum, sai kankara a gefen dutse,
dum, dum, sai kankara.
Ta ɗaga yatsa, fanka ma kamar ta rage gudu.
"Ba inji ba ne," ta ce. "Kuma na san hannun.
Dakan Swee Neo ne, mai rowar citta,
wadda muka yi shekara talatin ba ma gaisawa
a kan daddawar jatan lande rabin dunƙule.
Ai ta mutu. Wa ke daka da hannunta?"

Saurayi ne ya fito, kurkur ya rina masa farce.
Boon Teck, jikan marigayiya.
Bibik ta dube shi sama da ƙasa.
"Kakarka ba ta sa citta yadda ya kamata."
Ya yi dariya har da riƙe ƙugu:
"Ta ce in kin zo haka za ki ce.
Ta ce in gaya miki ke ce kike cikawa."

Wainar shinkafa ta zo, shuɗin fure a jikinta,
sukarin kwakwa na narkewa a kai.
Ta cinye nata, ta miƙa hannu ta ɗauki nawa,
tana goge ido wai barkono ne,
barkonon da aka kwashe kwanonsa tun ɗazu.

A ƙofa ta juya ta ce masa,
"Turminka ƙarami ne, ina jin yadda yake haki.
Gobe za a kawo maka na gaske."

Za a kawo.
Na san ko wane ne "a" ɗin nan.
Tun yanzu bayana ya fara ciwo.