Miyar Watan Maris

Tun da Velta ta zame a kan ƙanƙara
a ƙofar coci, ƙafa ta karye,
murhu ya dawo hannuna.
Shekara talatin ina tuƙa bas tsakanin Cesis da Riga,
ban taɓa sanin inda ludayi ke kwana ba.

Yau na sauka ɗakin ƙasa da tocila.
Sanyi ya tare ni kamar mai bina bashi.
Dankali bakwai, duk sun yi tsiro,
fararen yatsu suna laluben haske.
Karas uku, sun yi laushi kamar kunnen tsoho.
Rabin kabeji da ya yi baƙi ta gefe.
Albasa biyu, ɗaya ta fid da kore a ka,
ita ma ta gaji da jira.
Can bayan kwalaben da muka cinye tun Janairu
na tarar da sha'ir a gindin gwangwani,
bai cika tafi biyu ba.

"Me ka samo?" in ji ta daga gado.
Na lissafa mata.
Ta yi shiru, kamar mai ƙirga canji,
sannan ta ce,
"Akwai ƙashi a lungun firji, ragowar Kirsimeti.
Ɗauko. Da babu gara ba daɗi."

Na fere, na yanke ruɓa na zubar,
tulin ɓawo ya fi tulin abinci.
Tana jin wuƙata ta cikin bango:
"Yankan ya yi girma, Imants."
Har yau ban gane
yadda kunne ke auna karas ba.

Tukunya ta fara gunaguni, taga ta yi gumi.
Na share da hannun riga, na leƙa.
Gonar Ojars fara fat har bakin daji,
sai rumfarsa ta leda da fitila a ciki
inda yake renon iri kamar jarirai,
yana tashi tsakar dare ya duba ko sun ji sanyi.
Jiya ya aiko jikarsa da takarda:
mako bakwai, in ƙasa ta yarda,
kwandon farko zai iso ƙofarmu.
Lawashi, latas,
alayyafo da ƙasa a saiwarsa,
da ganyen nan mai tsami
da Velta ke ci ɗanye tun kafin a wanke.
Na manna takardar a ƙofar kabad.
Nakan karanta ta kamar jadawalin mota,
ko da na san ba yau za ta zo ba.

"Gishiri!"
Ta faɗa kafin in tuna.

Sha'ir ya ƙi nuna, na zauna na jira shi.
Ƙashin ya ba da abin da ya rage masa,
ɗan maiƙo, ɗan ƙanshi,
bai ɓoye komai ba.

Na kai mata a faranti, da burodin shekaranjiya.
Ta hura, ta kurɓa, ta sake kurɓa.
Agogo ya yi ta tafiyarsa.
"Ta yi ruwa," in ji ta.
Can kuma ta miƙo kwano, babu ko ɗigo,
ta kau da kai wajen bango
don kada in ga bakinta.

Albasar nan mai kore ban yanka ta ba.
Na sa gindinta a kofin ruwa, bakin taga,
ta zama duk gonar da muke da ita.

Da dare, bayan na wanke tukunya,
na kashe wuta, na kwanta a gefen ƙafarta mai lafiya.
Ta taɓa ni: "Kana ji?"
Na kasa kunne.
Daga bakin rufi, kan tsohon bokiti,
ɗis.
An jima,
ɗis.