Gurbin Jingina

Da sanyin safiya na sauka Farin Gada,
fom a hammata, biro a kunne,
na zo auna Lantana mai kabeji
ko ta kai nauyin dubu ɗari takwas.

Fom ya ce: jingina.
Ta ce, "Ɗana, haya nake a Gangare,
ko katifar, rabinta na jikoki ne."
Fom ya ce: shaidar shige da ficen kuɗi.
Ta zaro tsohon littafin makaranta daga ƙarƙashin buhu,
bangonsa ya sha ruwan tumatir.
Ciki sunaye, wasu an soke, wasu na jira,
wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya,
ba ta soke ba, ba ta kuma bi ba.

A ofis an koya mana kasada da lissafi:
kashi kaza in ruwa ya yi gardama,
kashi kaza in mota ta kwana a hanyar Mangu.
Ba a koya mana kabeji ba,
wanda kwanaki kaɗan ke mayarwa abincin awaki.

Na tuna wani Alhaji, bara.
Fayil tsaf, har ƙamshin turare,
takardar fili, hatimi uku, lauya a gefe.
Miliyan shida. Ni na sa hannu.
Filin, da muka je, tsohon ramin kuza ne,
ruwa kore shar, kwaɗi na ta karatu.
Wayarsa har yau a kashe.

Sai ga Davou daga Vom, ya sauke buhu sha biyu,
ya juya zai tafi hannu wofi.
Na ce, "Ina rasit?"
Ya dube ni kamar na nemi rasit ɗin ruwan sama.
"Shekara sha ɗaya, Asabar take biya.
Lokacin da gari ya rikice aka tare hanya,
ta aiko yaro da kuɗina cikin safa."

Na zauna kan kifaffen kwando.
Gurbin jingina bai fi faɗin yatsa biyu ba.
Davou ba zai shiga ba, balle safa.
Kuɗin kuma ba nawa ba ne,
ajiyar wasu ce irinta.
Wannan ma gaskiya ce, kuma tana da nauyi.

Ta goge karas a zaninta ta miƙo.
Doka ta hana ni karɓa.
Na rubuta dubu ɗari huɗu, biya duk Litinin,
a gurbin na matse: "Asabar, shekara sha ɗaya."
Kwamiti na zama ran Laraba.

Hannuna na rawa.
Na ce mata sanyin Jos ne.