Shagon Hautala, Ranar Talata

Ƙararrawar ƙofa ta buga,
ban ko gama kakkaɓe ƙanƙarar takalmina ba
Orville Hautala ya ɗago ido ta saman tabarau.
Bai ce sannu ba.
Ba ya cewa sannu, duk garin nan an sani.

A gabana Dwayne Pelkie ne ke kumfar baki kan kwalin harsashi:
"Dala arba'in da biyu?
A babban kantin Marquette talatin da ɗaya ne!"
Orville ya ce, "Motarka ruwa take sha?
Mil sittin zuwa, sittin dawowa. Hanya a buɗe take."
Dwayne ya ja tsaki, ya kai bakin ƙofa,
ya ga yadda sama ta haɗe rai,
ya dawo ya biya,
yana zaro kuɗin kamar ana cire masa haƙori.

Ni bindigar babana na kawo, a naɗe cikin tsohon bargo.
Wata bakwai ke nan da binne shi.
Ban taɓa harbin barewa ba, ba ni da niyyar koya,
kuɗin ɗumama gida kuwa ba ya jiran a gama makoki.

Ya warware bargon a hankali,
ya buɗe cikinta ya tabbatar babu harsashi,
ya ɗaga ta wajen fitila, ya leƙa bakinta da ido ɗaya
har na gaji da tsayuwa.
"Ɗari uku da hamsin."

Na ce mijin yayata ya ce ta kai ɗari shida.
Ya ce, "To ya saya mana."
Ya nuna mini tsatsa da farcensa,
ya nuna tsagar da ke jikin ƙota,
siririya kamar gashi, ni ban taɓa lura da ita ba.
Na taya ɗari huɗu. Ya girgiza kai.
Kunnuwana suka yi zafi.
Kan barewar da ke bango yana kallona,
shi ma kamar an taya shi da arha.

Sai ya sunkuya ƙarƙashin teburi,
ya ciro wani littafi mai warin mai da ƙura,
ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa.
"Reino Salmela. Oktoba, saba'in da tara.
Bashi ya ɗauke ta, dala biyar duk Juma'a.
Ga nan ya tsallake mako uku,
lokacin da aka haife ki ke nan."
Ya bi layin da yatsa har ƙasa, ya tsaya, ya sake ƙirgawa.
"Ya biya sau ɗaya fiye da kima.
Ni ke da bashinsa."
Ya ɗora dala biyar a kan ɗari uku da hamsin,
ya turo mini takarda in sa hannu,
da biron da aka ɗaure da zare don kada a sace.

Ban yi kuka a shagon ba. A mota na yi,
injin yana kunne, gilashi ya yi hazo.

Bayan mako biyu na shiga sayen batir ɗin tocila.
Ga ta a jere da 'yan'uwanta,
an goge ta, an ɗinke tsagar, tana sheƙi kamar ba ta san mu ba.
Takardar da ke rataye a wuyanta: ɗari biyar da tamanin.

Na tsaya ina lissafi a zuci,
nawa ne ladan hannu, nawa ne cin fuska.
Lissafin ya ƙi fita.
Orville bai ɗago ba, ya ce,
"Batir dala shida ne. A Marquette huɗu."
Na biya.